Ƙibar Yaya Hasiya Ba Ta Lafiya Ba Ce

Kiru,
14 ga Agusta, 2024.

Zuwa ga ɗana Mujitaba,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina fatan kai da iyalinka kuna lafiya a Fatakwal. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan kalau, dawa ta yi kyau, 'yata Nusaiba kuma ta sauka lafiya, an sami namiji.

Dalilin wannan takarda shi ne mahaifiyarka, Yaya Hasiya. Ka tuna hoton Sallah da ka yaba, ka ce ta yi ƙiba? Ni ma da bakina na yi mata barka, kuma har yanzu kunyar wannan barka nake ji. Ranar Talatar makon jiya na je wurinta a Dangora, na iske ƙullin leda guda goma sha bakwai a cikin kwallarta, na ƙirga su sau biyu. Kowanne da ƙwayoyi biyar, ba suna, ba kwali. Ta ce maganin sanyin ƙashi ne na wani mai talla a kan babur, wata tara tana sha kullum.

Washegari na kai ta asibiti. Likita ya ce kumburi ne muke ta yabo, ɗaya daga cikin ƙwayoyin ce ta kawo shi, ta kuma tayar mata da hawan jini. Na tambaye shi asalin ciwon ƙashin nata, na rubuta amsarsa: guringuntsin gwiwa ne ya zaizaye saboda shekaru da ɗaukar kaya, sanyin damina tsananta shi kawai yake yi. Ya gargaɗe mu kada ta daina farat ɗaya, sai a hankali bisa tsarinsa.

To, ta ƙi rage su. Ta ce da ƙwayoyin nan ne take iya kai goshinta ƙasa, ba za ta yi salla a kujera ba. Liman ya yi mata bayani ya halatta. Ni kuwa ta ce yaron da ta goya ba zai koya mata salla ba, alhali shekaruna saba'in da ɗaya.

Maganarka kaɗai take ji. Kada ka buga waya, za ta ce maka lafiya lau. Ka zo da kanka kafin Laraba mai zuwa, ranar da mai babur yake zagayowa.

Ka gaida Rumaisa da su Zayyad.

Kawunka,
Balarabe Rufa'i