Bashir Yana Rataye a Kan Teku

Assalamu alaikum Yaya Habu,

Ya gida, ya yara, ya jikin Inna? Mu nan unguwar Jurf lafiya lau, sai dai hankalina a tashe yake.

Ɗana Bashir ya shiga tseren jiragen ruwa masu tafiya da iska, duk Asabar yana garin Yanbu, can bakin teku. Jiya ya nuna mini bidiyo: jirgin ya karkace, shi kuwa ya saƙale ƙafafunsa, jikinsa duk a waje, bayansa yana shafar teku. Wai haka ake daidaita jirgi! Na yi faɗa, ya amsa da Larabci yana dariya.

Don Allah ka kira shi, kai yake jin nauyi. A gaida kowa. Inna ta sa shi a addu'a, amma kada a gaya mata dalili.

Ƙanwarka,
Rabi