Ramin da Ake Cikewa da Ramin da Ake Shiga

Zuwa ga maigidana, Baban Hamdiya, inuwar mangwarona a tsakiyar bazara, ruwan randata mai sanyi, ruwan farko da ke tayar da ƙanshin ƙasa. Ina gaishe ka daga unguwarmu ta Liman Abaji, gaisuwar mai kewa, kuma mai faɗa.

Jiya a waya ka ce kamfaninku na gyaran titi a Abuja zai ɗauke ka daga aikin pothole ya kai ka aikin manhole, ka ƙara da dariya wai rami ai rami ne. Haba, hasken idona! Ni za ka yi wa wannan wayon? Na yi sakandare fa, kuma ban yi gyangyaɗi a ajin Turanci ba.

Pothole shi ne ramin da ruwan sama da tirela suka ci a jikin kwalta. Kana tsaye a kansa, rana na ganinka, ka zuba tsakuwa ka daddale, direbobi su wuce suna sa maka albarka. Manhole kuwa mai murfin ƙarfe ne, mutum ke sauka cikinsa da tsani, cikin duhu da ruwan ƙazanta da iskar da ke shaƙe numfashi. Na farko kai kake rufe shi. Na biyu shi yake rufe ka. Ina suka zama ɗaya?

Ka tuna ranar da motarmu ta kasuwa ta faɗa rami a hanyar Agwada, doyata ta watse har cikin ciyawa? Kana aikin titi a wurin, ka ajiye shebur ka bi ta ɗaya bayan ɗaya kana tsincewa, ni kuwa ina ta yi maka faɗa kamar kai ka haƙa ramin. Ka yi murmushi kawai, ga kwalta a goshinka. Tun ranar zuciyata ta zauna a wurinka, kamar tsuntsuwar da ta sami reshenta bayan doguwar tafiya.

Na san don mu kake son ƙarin albashin da ke tare da sabon aikin. Amma uba nagari ba ya ɓoye wa iyalinsa gaskiya a cikin dariya, kuma abin da nake hana yara ba zan ƙyale babansu ya yi ba. Mun iya cin tuwo da miyar kuka ba nama. Abin da ba mu iya ba shi ne cinsa ba kai. Ka je ka ce musu a'a, farin watana, ka tsaya a saman ƙasa inda zan riƙa ganin ka.

In aikin rami kake so, wanda ke ƙofar gidanmu ya ƙara faɗi da ruwan bana. Maƙwabta sun so cike shi, na hana. Na ajiye maka shi. Ka zo ranar Juma'a da sheburinka, zan daka sakwara, in tsaya a kanka ina faɗa kamar ranar farko.

Taka ce ni, da faɗan da soyayyar, har iyakar numfashina,
Zubaidatu