Saurar Baba

Daren Laraba, unguwar Satwa, ƙasar waje

Barci ya ƙi zuwa. Yaya Habu ya kira daga gida, wai gwamnati za ta riƙa biyanmu in muka bar saurar Baba da ciyawarta, ba noma, ba gini. Ɗana Nura kuwa so yake a sayar ya sari kaya a kasuwar Sabkha.

"Umma, khalas, ya isa haka, ciyawa ce fa!"

Na ce, "Ita ta ciyar da shanun da aka sayar ka yi karatu, mara kunya."

Baba don Allah ya bar wa makiyaya filin nan. Mu sai an biya mu? Abin kunya. Duk da haka gobe zan ce wa Yaya ya amince. Nura ya yi ta kumburi.