Yayana Yana Zagin Mai Shagonsa, Ni Ce Kuwa Mai Shagon

Kaka, ki taimake ni kafin takaici ya sa in yi abin da zan yi da-na-sani.

Ni tela ce, shekara goma sha ɗaya ina kan keke. Duk abin da na samu sai dangi sun san yadda suka raba ni da shi: wannan ɗansa ba lafiya, wancan babur ɗinsa ya lalace. Da na gaji sai na fara ɓoye 'yan canji a gwangwanin maɓallai, ƙarƙashin ƙyallaye. Da suka taru na sayi wani ɗan tsukin fili a bakin titi, tsakanin mai faci da mai katako, wanda kowa ya raina. Bulo ashirin-ashirin na riƙa saye, kwanon rufin ma na hannu ne. Shekara uku kafin shago ɗaya ya tsaya. Ban da mijina ba wanda ya sani. Na damƙa wa wani dillali makulli, na ce ya sa ɗan haya, kada ya kuskura ya ambaci sunana.

Kaka, duk mutanen duniyar nan wa zai sa? Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, mai gyaran janareta! Sai da ya tare na ji labari.

Yanzu daɓen da na yi wa siminti da gumina ya koma baƙi ƙirin da baƙin mai. Ya fasa bango ya yi taga, ko sallama babu. Wannan duk mai sauƙi ne. Duk ƙarshen mako sai ya zo gidana, ya miƙe ƙafa a kan tabarmata, in zuba masa abinci, yana ci yana zagin mai shagon. Wai wani ƙaton ɓarawo ne mai tumbi, mai hannun jarirai, wanda ya rufa wa talaka rariya a ka ya kira ta kwano. Ni mai tumbi! Ran nan har hannu ya ɗaga ya roƙi Allah ya hana mai shagon barci, ya juyo yana hararata don ban ce amin ba. Kuɗin hayar da yake cewa yana biya ma sun kusa ninka abin da ke zuwa hannuna, amma kin san Yaya da ƙarin gishiri. Kuma bai ji kunya ba ya ce in taimaka masa da cikon na bana. In biya kaina haya ke nan!

Yanzu ya matsa wa dillali sai ya kai shi gaban mai shago ƙarshen watan nan. In asiri ya tonu, na san haya ta ƙare, don Mama za ta ce ƙanwa ba ta karɓar kuɗi a hannun wanta. In na kore shi kuma na shiga bakin dangi har abada. Wannan shagon shi ne kaɗai abin da na mallaka. Ya zan yi?

Taki,
Tela mai ciwon rai

*

Jikata mai tumbi,

Na yi dariya har tabarau ya faɗo mini, daga baya kuma raina ya ɓaci. Zan gaya miki da wa.

Da farko sannu da ƙoƙari. Wadda ta tayar da shago daga gwangwanin maɓallai ba abar rainawa ba ce, haka ake farawa. Fasa bango ba izini kuwa rashin ta-ido ne, ko shagon na baƙo ne. Nan kina da gaskiya.

Amma zo nan in ja kunnenki. A duk wasiƙarki ban ga inda kika ce rufin ba ya yoyo ba. Ke da bakinki kika ce kwanon na hannu ne. Mutum yana kwance injin mutane ruwa na ɗiga masa a ƙeya, me kike so ya yi, ya yi wa mai shago kirari?

Wanda ya ɓata mini rai shi ne dillalin nan. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma na san idan mai biya yana kukan tsada, mai karɓa tana kukan araha, to na tsakiya ne ke ƙiba. Kika ce ƙarin gishiri! Kin taɓa ganin takardar da yake ba yayanki? Kin ɓuya don kada dangi su ci, sai kika ba bare cokali, kika juya masa baya. Ya san ku biyun ba za ku taɓa haɗa baki ba, shi ya sa ya miƙe ƙafa.

Kada ki jira ƙarshen wata. Gobe ki ce Yaya ya kawo takardun biyansa ki gani, tunda cikon haya yake nema. In sun nuna abin da nake zato, ki ɗauki mijinki da takardar filinki ku same shi a gaban Mama, ki faɗa da bakinki. Zai yi borin kunya, ki bar shi ya yi, har ki ba shi haƙurin ɓoyon da kika yi. Sannan ki ce daga yau zai biya abin da ke isowa hannunki kawai. Shi ya samu sauƙi, ke ba ki rage komai ba, Mama kuma ba ta da abin cewa. A rubuta, shaidu biyu su sa hannu, har da wanda ba dangi ba a ciki. Ke ki gyara rufi kafin damina, shi ya sa wa tagarsa ƙarfe ya wanke daɓe. In ya ce shi kyauta zai zauna, ki ba shi wata uku cikin mutunci ya nemi wani wuri. Bakin dangi yana gajiya, shago ba ya dawowa.

Makullinki kuwa ku je tare ku karɓo a hannun dillali, Yaya a gaba. Zagin shekara guda yana cikinsa, gara ya sauke shi a inda ya dace.

Allah ya sa shago ɗaya ya zama goma, ya bar zumunci. In Yaya ya sake ɗaga hannu a kan ɓarawo mai tumbi, ki ce amin da ƙarfi, yanzu kin san mai shi.

Kakarki