Gabas Biyu a Masallacin Bakin Gota

Nima, watan Rajab

Zuwa ga aminina Jibirilu, a Jega.

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da jikoki. Yaya ƙafar? Direban goron da zai kawo maka wannan ya ce yanzu da sanda kake tafiya. Ni ban yarda da sanda ba tukuna, bango nake bi. Ka yi haƙuri da ajamin, bai ƙaru ba tun shekarar da aka kore ku daga Gana.

Nima tana nan, mutane sun ninka, sa'o'inmu kuwa sun ƙare. Tun da mai ɗakina Sala ta rasu, a ƙofar masallacinmu na bakin gota, kwatar unguwa, nake cin tuwo tare da Kadiri ladan da ragowar tsofaffi. Kadiri har gobe "matata ya zo" yake cewa. Hausa ta ƙi shi, shi ma ya ƙi ta.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ka tuna Ganiyu tela? Ɗansa Mas'udu ya dawo daga karatu a Madina da wata 'yar aba kamar agogo mai allura ɗaya. Ya ajiye ta a wurin tsayuwar liman, ya ce masallacinmu ba ya kallon Ka'aba. Wai mu mafitar rana muke kallo, alƙibla kuwa tana hagu da nan. Ni tun ina yaro, in an ce a fuskanci gabas salla ake nufi. Sai da haƙorana suka zube na ji cewa gabas biyu ce. Shi da abokansa suka ja sahu da alli a karkace, Kadiri ya zo da bokiti ya wanke. Suka sake ja, ya sake wankewa. Daɓen nan bai taɓa ganin tsabta irin ta bana ba.

Yanzu Liman, ɗan marigayi Malam Ishawu, yana cewa mahaifinsa ba da ka ya aza harsashin ba. Wai yaye masa hijabi aka yi, ya hango Ka'aba ƙuru-ƙuru, sannan ya ce a kafa turke. Jibirilu, ni da kai muka riƙe igiyar awon harsashin nan, kai can ni nan. Abin da na tuna, Malam ya jira rana ta ɓullo ta bayan barikin soja, ya tambayi wani Bazabarme da ya taɓa zuwa Makka a ƙasa. Mutumin ya sosa ƙeya, ya nuna da haɓa. Malam ya yi dariya ya ce iyakar saninmu ke nan, in wanda ya fi mu ya zo, ku karkata. Ko ba haka aka yi ba? Duk wanda ya tsaya a wurin ya riga mu, saura ni da kai. Ka ba direban amsa, ko layi biyu ne.

Ka gaida mutanen gida. Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
Moro


Nima, watan Sha'aban

Aminina Jibirilu,

Sallama da gaisuwa. Ina fata zafin can bai matsa muku ba. Motar goro ta dawo ba takardarka, na ce wataƙila ido ne. Allah ya sawwaƙe.

Magana ta girma. Liman ya zo ɗakina da kansa, abin da bai yi ba ko ranar sadakar Sala. Ya zauna a tabarma yana ta Baba, Baba. Yana so bayan an sha ruwan farko na azumi in miƙe a gaban jama'a, in dafa Alƙur'ani, in shaida cewa mahaifinsa ya ga Ka'aba. Ya ce yaran nan ba layi suke so su goge ba, uban nasa suke so su goge, daga nan sai wazifa, sai maulidi. Ban ce ya yi ƙarya ba. Na ce masa dai ni rana na gani.

Mas'udu ma ya zo, da lemo a leda. Yaron yana da ladabi, a tsugune ya yi magana. Ya ce lokaci ya yi da Musulmi zai bi dalili ya daina bin na gaba ido rufe. Na ce madalla, wa ya gaya maka allurar nan ba ta ƙarya? Ya ce malamansu na Madina. Na ce ashe kai ma "Malam ya ce" kake yi, malamin ne ka canza. Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Na tambaye shi sallar matattunmu fa, ta shekara da shekaru? Ya ce ta yi, tunda sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Na ce to ka gaya wa abokanka, don a lasifika gidan jahilai suke kiran mu.

Ka san ni, ba na sayen akuya a cikin buhu. Na hau tirotiro, motar hayarmu ta nan, na tafi Adabraka, wurin wani tsohon Bafante da na sani tun ina gadi, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a jirgin ruwa. Kirista ne, ba shi da liman ba shi da shehu a rigimar nan. Ya zana mini a ƙasa da tsinke, ga teku, ga mu, ga Jidda inda ya sha sauke kaya. Hagu ne, Jibirilu. Na dawo ina jin haushin tsinken.

Amma ba wannan ya hana ni cin abinci ba. Ka san ba ni da ɗa a garin nan. Bayan rasuwar Sala, ni da Kadiri muka ƙulla cewa duk wanda ya riga tafiya, ɗayan ne zai yi masa wanka ya sa shi a ƙasa. Jiya muna cikin cin tuwo ya janye hannunsa daga kwano, ya ce in na tozarta Malam a gaban yara, in nemi masu ɗangalallen wando su wanke ni. Na gama lomata na tashi.

In ka ce haka ka tuna, mu biyu ne, shaida ta cika. Kada ka bar ni ni kaɗai.

Naka har kullum,
Moro


Nima, goman ƙarshe na azumi

Jibirilu,

Sallama. Barka da shan ruwa, Allah ya karɓa mana. Takardarka ta iso ana gobe azumi, na gode, na kuma gode da kilishin, ko da yake tsotsa nake yi.

Ka ce kai ka tuna wani haske a fuskar Malam a safiyar nan. Jibirilu, rana ce. Ita muka fito jira. Ka kuma ce tsoho ba ya raba jama'a, in bar wa Allah sani. Na karanta har na haddace, ban ji haushinka ba. Ka yi nisa, kuma masallacin da ke cikin kanka ya fi wanda ke bakin gota kyau. Ka riƙe abinka.

Na miƙe kamar yadda Liman ya nema. Na dafa Alƙur'ani na faɗi rana, na faɗi Bazabarme da haɓarsa, na faɗi dariyar Malam da abin da ya ce. Liman ya sunkuyar da kai bai ɗago ba. Yaran suka ɗauki kabbara daga baya kamar an ci ƙwallo. Na juya na ce su rufe mini baki, mutumin da suke kira jahili ya ba su izini tun ba a haifi iyayensu ba, su nuna mini a cikinsu wanda ya taɓa cewa iyakar sanina ke nan. Ka ga a tsayuwa ɗaya na ɓata da kowa.

Dattawa sun yanke cewa ba za a taɓa sahu ba. Yaran sun kwashe sun kama wani shago a Maamobi suna salla a can. Mas'udu ya aiko har sau biyu, wai an ajiye mini wuri a bayan liman. Ban je ba. Ni ba tuta ba ce. A masallacin da na ɗauki ƙasarsa a ka nake salla, can baya kusa da takalma, na karkata buzuna hagu kamar yadda Malam ya ce. Ba mai haɗa kafaɗa da ni. In na ɗago daga ruku'u, bayan mutane nake gani a gicciye, kamar jirgi ya tashi ya bar ni a tasha. Wani lokaci nakan ce, Moro, taurin kai ne ko gaskiya? Ban san inda ɗaya ya tsaya ɗayan ya fara ba.

A ɗaki nake buɗa baki. Ƙarar kwanukansu tana iso ni ta taga, har nakan gane tarin kowa.

Kadiri bai yi mini magana ba tun ranar. Sai shekaranjiya Amama mai koko ta kawo mini kofin koko, ta tsaya a bakin ƙofa tana murɗa zani, ta ce ladan ya ba ta saƙo. Wai in sani bai huce ba, kuma kada in gaishe shi. Amma alkawari alkawari ne, shi zai wanke ni. Sai dai in ya sa ni a rami, gabas ɗinsa zai juya fuskata, ya ga ta inda zan karkata.

Na ce ta koma ta gaya masa ya ci gaba da shan maganin tarinsa, don in ya kuskura ya riga ni, yana kallon hagu zai kwana har tashin ƙiyama.

Na sha kokon da ɗumi. Ka sa mu a addu'a a daren nan masu albarka, ni da shi.

Amininka,
Moro