Shafin Hagu

Litinin

Zuwa ga Kawu Sakatare,

Kawu, shekara goma sha tara kana ɗora yatsa a kan takarda kana nuna wa Baba inda zai sa hannu. Ka taɓa duba inda yatsan naka yake sauka?

Ka yi haƙuri, tambaya ta riga gaisuwa fita, ka dai san halin bakina. Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya, kai da Gwaggo da yara. Yaya ƙafar? Ina fatan kana shan maganin a kan lokaci, ba sai Gwaggo ta biyo ka da shi har bakin titi ba. Mu ma lafiya lau, in ka cire abin da ya sa na ɗauki biro.

Na san tsakanin shagonmu da ofishin jam'iyya bai fi tafiyar minti goma ba. Na rubuto ne don in na tsaya a gabanka, ɗayan biyu za a yi: ko in yi maka rashin kunya, ko in kasa cewa komai. Duka ba na so.

Ran Alhamis ka aiko da littattafan halartar taro guda uku a sake musu ɗinki, bangonsu ya fita. Maigidana ya miƙo min, ya ce aikin gida ne, in yi shi da kyau. Ka san yadda muke yi. A tsinke tsohon zare, a raba takardun, a jera su a tebur, a kankare busasshen gam, sannan a ɗinke. Ba a ce mai ɗinki ya karanta ba. To amma kai ka lalata ni. Tun ranar da ka ba ni makullin kabad ɗin tsofaffin jaridu, bayan na bar makaranta a aji uku, ban ƙara iya ganin rubutu in wuce ba. Ko takardar da aka naɗo sabulu sai na bi ta har ƙasa.

Kowane taro shafi biyu ka ware masa. Na dama ka rubuta Mambobi a samansa. Na hagu, Baƙi da Masu Kallo. Na nemi sa hannun Baba a dama don kawai in gani in ji daɗi, wannan alamar da kai ka koya masa, mai kama da ƙusar da ta lanƙwashe. Babu. Na waiga hagu, ga ta. Wata na gaba, hagu. Na bi littafi uku shafi-shafi har gam ya bushe a cikin kwano. Kuma ba shi kaɗai ba. Ungozoma, direban motar makaranta, Tela Gajere, duk wanda ya tsallako layin dogo daga unguwarmu, duk wanda in ya koma gida yarenmu yake yi da 'ya'yansa. Mutum arba'in da ɗaya. Ko ɗaya bai taɓa faɗawa dama ba, ko da bisa kuskure.

Sai yanzu na fahimci takardar da kwamitin tantancewa suka ba Baba makon jiya. Ni na karanta masa ita. Wai ba zai tsaya takarar mataimakin shugaban mazaɓa ba, don babu shaidar ya halarci taro a matsayin mamba cikin shekara uku da suka wuce. Na ɗauka ƙarya suka shirga. Ashe littafinka ne ya ba su.

Kawu, bencinan da kuke zama a kai wa ya ƙera in ba Baba ba? Katinsa na jam'iyya yana aljihun gaba kullum, sau biyu yana shiga wanki, Umma ta shanya shi a kan murfin tukunya tana faɗa. In zaɓe ya zo shi kuke sawa gaba, ya bi lungunanmu gida-gida yana juya alkawuranku zuwa yarenmu, har da waɗanda shi kansa bai gamsu da su ba. In za a ɗauki hoto, Ciyaman ya jawo shi kusa ya dafa masa kafaɗa, a rubuta a ƙasa: jam'iyyar kowa da kowa. A shagonmu aka buga fastar, ni na yanke gefenta. Ashe baƙo aka dafa.

Ban gaya masa ba tukuna. Tun da takardar nan ta zo yake goge katako ɗaya wanda ya riga ya yi santsi. Ya ce wa Umma rashin boko ne ya ja masa, kada ta ga laifin kowa.

Ba na so in yarda da gangan ka yi. Kai ne ka goya shi a babur zuwa asibiti ranar da zarto ya ci masa yatsa, farar rigarka ta tashi daga aiki, ba ka taɓa ambata ba. Ka ba ni amsa in samu abin riƙewa.

Ka gaida Gwaggo, ka ce mata na ga saƙonta, zan zo in duba mata rediyon.

Ɗanka,
Lauya marar takarda, kamar yadda kake kirana.

Laraba

Kawu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta iyali. Gwaggo ta ce jiya ba ka ci abinci ba. Ka ci, don Allah. Ban rubuto don in kwantar da kai ba.

Takardarka ta iso ta hannunta, na karanta sau huɗu. Ka ce shekarar da mutanenmu suka shigo jam'iyya a tare, katunansu sun yi wata biyar ba su iso daga hedikwata ba, shi ya sa ka ajiye su a hagu kafin nan. Katuna suka zo, hannu ya riga ya saba. Su da kansu in sun shigo can suke nufa, sababbi kuma su bi na gaba. Na yarda da kai, wallahi na yarda. Abin da ya fi min ciwo ke nan. Da mugu ne ya yi, da na san yadda zan yi da shi. Amma wata biyar ya zama shekara goma sha tara, kuma cikin duk masu ilimin da ke zama a teburin nan babu wanda idonsa ya taɓa tsayawa a kai, don a wurinsu inda ya dace da mu ke nan.

Sai shawarar da ka kawo. Ka ce tunda littafin a buɗe yake a hannuna, kuma akwai layukan da ba a cike ba a ƙasan shafukan dama, in kira Baba ya sa hannu a na shekara ukun nan, a riƙa canza biro, in ɗinke, magana ta mutu. Ba zan ɓoye maka ba, na so. Na fito da biro uku, baƙi da shuɗi biyu, na ware shafukan a gefe. Har na fara jin daɗin yadda fuskar Ciyaman za ta yi. Sai idona ya faɗa kan dangwalen Ungozoma, ita da har yau da babban yatsa take sawa. Matar da ta karɓe ni ranar da na zo duniya, ta karɓi tagwayen Ciyaman ɗin ma. Na ce to ita fa? A tsallakar da Baba a ɓoye kamar kayan sata, a bar ta tana kallo? Na mayar da birukan cikin aljihun tebur.

Da rana na je wurin Baba na gaya masa komai. Na yi zaton zai jefar da abin da ke hannunsa. Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce shi bai iya karatu ba, amma ya san dama da hagu. Kawu, Baba kafinta ne fa. Mutumin da daga bakin ƙofa yake gane tebur ya karkace. Tun shekara ta biyu ya lura cewa su gefe guda suke, ku gefe guda. Bai san abin da aka rubuta a sama ba, ya dai ɗauka wurinsu ne, kamar yadda suke zama ta wajen taga a zauren taro. Ya ce sau ɗaya ya yi niyyar tambayarka, ya tarar da kai cikin mutane, ya ji tsoron kada su ɗauka tuhumarka yake yi. Daga nan shekaru suka taru, tambayar ta yi masa nauyi.

Maganar sa hannu a ɓoye kuwa, ya ce shi ba ya sa hannu a ranar da ta riga ta wuce. Ya ce zai janye kawai. Wai in maganar ta fito fili kai za a ɗora wa, su cire ka daga kujerar da ka tsufa a kanta, su kuma su wanke hannunsu. Ya ce in kama bakina, kai babba ne.

A nan na yi abin da ban taɓa yi ba. Na ɗaga masa murya a gaban mai sayen kujera. Na ce shi ya sa ake taka mu, mun saba da raɓewa a jikin bango muna godiya. Mai sayen kujera ya sulale ya fita. Baba ya ajiye abin gugarsa, ya kira ni da yarenmu, da sunan da ya daina kirana da shi tun ina yawo ba wando. Ya ce in miƙo masa fensirin da ke bayana. Shi ke nan abin da ya ce. Na miƙa, na tsaya na riƙe masa katako har la'asar. Na karanta littattafai da yawa a kan 'yanci, Kawu, babu wanda ya gaya min yadda ake ba uba haƙuri in kana da gaskiya kuma ka yi laifi.

Kun ba ni wahala ku biyun nan. Shi yana kare ka, kai kana neman ka kare shi ta bayan gida, kowa yana lallaɓa kowa, mu arba'in da ɗaya muna nan inda aka ajiye mu. Na ce mu, don nawa sa hannun ma yana ciki, shekara biyu ke nan. Ni mai karatun, ban taɓa ɗaga ido na duba saman shafin ba. Inda Baba ya sa, nan na sa.

Ka huta lafiya. Ka ci abinci.

Ɗanka,
Lauya.

Juma'a

Kawu,

Ina yini, yaya jiki, yaya Gwaggo da yara? Allah ya ƙara sauƙi.

Ga littattafanka nan na ba Gwaggo. Na ɗinke su yadda suka zo, ban ƙara ko ɗigo ba, ban rage ba. Na sa musu bango mai ƙarfi da baƙin yadi a gindi. Maigidana ya juya su ya ce ban taɓa yin ɗinki mai kyau kamar wannan ba.

Baba bai janye ba. Ba ni na juya shi ba, ni ai na ƙare tawa. Amma ya ce in kama bakina a kanka ne, bai ce kada in gaida Ungozoma ba. Na je na gaishe ta, magana ta kawo magana. Jiya da hantsi ta iso shagonsa da sandarta, ta zauna a kan kujerar da ba a gama ba. Ta ce masa kunyar tasa ce shi kaɗai da zai yi kyauta da ita? Ta ce shi da abokinsa su je su yi ta soyayyarsu, ita dai tana so ta sani kafin ta mutu ko duk rawar da ta taka a tarukan nan rawar 'yar gida ce ko ta 'yar kallo. Ta lissafa masa mutum shida daga cikinmu da suka rasu, har da mijinta. Duka ka je jana'izarsu, ka yi jawabi ka kira su 'ya'yan jam'iyya na haƙiƙa. Baba sai ya tambaye ta ko za ta sha ruwa.

Gobe da ƙarfe huɗu ne babban taro, a nan ake sauraron ƙorafin 'yan takara. Mutanenmu za su zo, har da 'ya'yan mamatan. Na karanta kundin jam'iyya, wanda ke ƙasan kabad, ɓera ya ci gefensa. Ya ce in sakatare ya shaida a gaban taro cewa akwai kuskure a littafi, taro na iya gyarawa nan take da ɗaga hannu. Sakatare kundin ya ambata, bai ce ɗan kafinta ba. Na san abin da Ciyaman zai yi. Zai yi murmushi ya kira mu 'yan'uwa, ya ce za a kafa kwamiti, kwamitin ya kawo rahoto bayan an gama zaɓe. In ka yi shiru, hakan za a yi.

Ban ce babu abin da za ka rasa ba. Wataƙila su cire ka. Wataƙila waɗanda kuke shan shayi tare su daina yi maka magana. Na auna wannan, na ji ba daɗi, don ban san ofishin nan ba tare da kai ba. In sun cire ka, ƙofarmu tana nan, kuma ni zan riƙa kawo maka jarida.

Baba ya sa na yi masa alkawari ba zan buɗe baki a taron ba. Na yi, kuma zan cika, ko da zan ciji harshena ya yi jini. Umma ta goge masa rigarsa. Ya ce zai riga kowa zuwa, wai ƙafar kujerarka ɗaya tana rawa, ba ya so ka tashi tsaye ta kayar da kai. Ka ji irin mutumin.

Saboda haka ba ni za ka ba amsa ba, kuma kada ka sake aiko Gwaggo da takarda. Gobe in an kira sunansa, ka miƙe da littafin a hannunka, ka buɗe shi inda na baya ma za su gani. Ga Ciyaman, ga kwamiti, ga Ungozoma, ga abokinka. Ka faɗa da bakinka, da ƙarfi, su waye mutanen nan da ke zaune ta wajen taga. Muna sauraronka.

Allah ya ba ka ƙarfin ƙafa da na zuciya.

Ɗanka har gobe, ko me ka ce,
Lauya.