Tautau a Kafaɗar Dama

Yaya Hudu,

Ina gaisuwa daga unguwar Misfala, nan ƙasa mai tsarki. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, aikin otal ba laifi.

Sai dai tautau ɗin da aka zana mini da allura a kafaɗa a Legas. Da na ɗaura harami na buɗe kafaɗa zan yi ɗawafi, wani tsoho ya ce, "Ɗana, wannan ba ya zama inda aka ajiye shi, zuciya yake nema." Yanzu ƙuraje sun feso har ƙirji, kamar tautau ɗin ya yi mini fitsari. Likita ya ce zafi ne kawai.

Kada Inna ta ji. Kana wurin ranar zanen, Yaya. Ba sama kan tautau ɗin yake kallo ba? Yau na ga ya juyo wajen ƙirji.

Ƙaninka,
Rabi'u